Na Nemi Kuɗin Zuwa Yamai, Na Ƙare a Lome

Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai ce. Kana tsallaka iyaka ka shiga Birnin Ƙonni, allon kan shago Faransanci ne, rasidin kantin magani Faransanci ne, jandarman da zai karɓi takardarka da Faransanci ya yi karatu. Amma ɗalibin da ke karanta Faransanci a jami'a a Sakkwato, in ya kai aji uku, Badagry ake tura shi, can bakin teku a jihar Legas, tafiyar da ta haura kilomita dubu. Malaminsa kuwa in yana son ya gyara bakinsa, sai ya fara mafarkin Faransa. Na daɗe ina kallon wannan tsari a matsayin ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Shi ya sa a farkon 2023 na nemi jami'ar da nake koyarwa ta ɗauki nauyina in je Yamai in zauna cikin malaman Jami'ar Abdou Moumouni na ɗan lokaci, in kuma duba ko wata rana ɗalibanmu za su iya bin wannan hanya.

Wanda bai taɓa koyar da harshen waje ba zai yi mamakin abin da malami zai je nema. Ni darasin magana da furuci nake ɗauka a aji ɗaya da aji biyu. Da na fito daga aji, Faransanci ya ƙare ke nan sai gobe. A gida Hausa, a kasuwa Hausa, a taron sashe Turanci. Ina sauraren RFI da dare, ina karatu, amma ji daban, mayar da magana daban. Sai ka wayi gari kana iya fassara shafi guda na adabi ba ka buɗe ƙamus ba, amma in ɗan duwan ya jefo maka tambaya da sauri sai ka tsaya lalube. Kuma duk gargadar da ke bakinka, ita ɗalibai za su kwasa su tafi da ita makarantun sakandare su raba wa yara.

Malamanmu da suka koyar da mu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba haka suka taso ba. A shekarun 1970 da farkon 1980, ɗalibin Faransanci shekara guda cur yake yi a ƙasar da ake magana da harshen, ko Togo, ko Senegal, ko Faransa kanta, kuma ba daga aljihun ubansa ba. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, kuɗin waje suka gagara, wannan shekara ta fi ƙarfin jami'o'i. Maganin da Gwamnatin Tarayya ta samo shi ne ta kawo ƙasar wajen cikin gida. A 1991 aka kafa Ƙauyen Faransanci a Ajara, Badagry, a 1992 kuma Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Barno, wanda rikicin Boko Haram ya sa daga baya ya koma aiki a Maiduguri. Ni ɗan Badagry ne a wannan lissafi. Can na yi nawa zaman, kuma tun daga lokacin har zuwa wannan tafiya ban sake kwana in tashi cikin Faransanci ba.

Aikin farko shi ne gano aljihun da kuɗin za su fito, domin jami'a ba ta da wani asusu da aka rubuta wa "harshe". Kowa ka tambaya zai ce TETFund, don haka na fara da jami'in da ke kula da harkokin asusun a jami'armu. Mutum ne mai haƙuri, ya zaunar da ni ya buɗe mini littafin ƙa'idoji. Asusun ya samo asali ne daga harajin ilimi da aka ɗora wa ribar kamfanoni a 1993, bayan gwagwarmayar ASUU. Kashi 2 cikin ɗari ne da farko, ya koma 2.5, daga baya a 2023 ya kai 3. Dokar 2011 ce ta taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati ta ba shi sunan da muka sani yau. Manyan ƙofofin da malami zai bi ya fita waje da kuɗin asusun a lokacin guda biyu ne. Ko ka samu gurbin digiri na biyu ko na uku, ko kuma an karɓi maƙalarka a wani taron masana. Ni kuwa ba digiri nake nema ba, ba kuma taro ba. Zama nake so in yi cikin mutane, in shiga ajinsu, in yi gardama da su a wurin shan shayi.

Wani abokin aikina ya ce in daina wahalar da kaina, in rubuta maƙala in aika wani taro a Faransa, in an karɓa shi ke nan na samu jirgi da kuɗin guzuri. Na yi lissafi. Sai na je Abuja an ɗauki hoton yatsuna, kuɗin bizar Turai a lokacin yuro 80, ga inshorar lafiya da dole ta kai ta yuro 30,000, duk don taron da ba ya wuce 'yan kwanaki, wanda kuma rabin masu jawabi a cikinsa da Turanci za su yi. Yana da amfaninsa wajen ƙarin girma, ban raina ba, amma ba ya gyara harshe. Akwai kuma guraben horon malamai da ofishin jakadancin Faransa kan bayar lokaci-lokaci zuwa cibiyoyi irin na Vichy da Besançon. Guraben kaɗan ne, masu nema daga duk faɗin ƙasa, kuma ba kai ke zaɓen lokacin ba. Abin da ya rage mini shi ne ɗan asusun horar da ma'aikata na jami'armu, wanda ake cikawa daga kuɗin shigarta. Ƙarami ne, kwamitinsa kuma ba kullum yake zama ba.

Takardar nema ana rubuta ta ne zuwa ga shugaban jami'a, ta hannun shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe, kowanne ya sa hannu ya rubuta ra'ayinsa a gefe. A ciki na kawo hujjojin da duk malamin Faransanci ya haddace: cewa Nijar da Chadi da Kamaru da Benin sun kewaye mu, cewa a ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, cewa manufar ilimi ta ƙasa ta 1998 ta sa shi cikin darussan dole a ƙananan makarantu, alhali malaman da za su koyar ba su isa ba. Na haɗa da takardar tabbatar da ni a aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da jadawalin wanda zai riƙe mini darussa, da takardar alkawarin zan dawo in ci gaba da aiki, wadda manyan malamai biyu suka tsaya mini a kanta. Lokacin tafiyar ma sai da aka yi ja-in-ja, domin yajin aikin wata takwas na 2022 ya cinye dogon hutu, zango na bin zango ba numfashi.

Takardar gayyata daga Yamai ba ta ba ni wahala ba. Wani malami da muka taɓa haɗuwa a taro ya karɓo mini, ya turo ta WhatsApp, asalin kuma wani direba ya kawo ta tasha. Da na kai ofishin rajista sai aka ce ba a sa takardar da ba a iya karantawa cikin fayil, a kawo fassarar Turanci mai hatimi. Na tambayi wa ke yin irin wannan fassara a jami'a. Aka duba aka ce sashen Faransanci. Na koma ofishina na fassara, shugaban sashe ya karanta ya buga hatimi yana dariya.

Ranar da kwamiti ya kira ni ita ce na fi tunawa. Wani farfesan kimiyya, dattijo mai yawan raha, ya cire tabarau ya ce, "Malam, kai da ka koyar da Hwaransanci, kuma za ka tahi koyon Hwaransanci? To mi kaka koya ma ɗiyanmu tun can?" Aka yi dariya. Na ce, "Ranka shi daɗe, ku ma duk shekara kuna neman kuɗin sinadarai, ba don ba ku san kimiyya ba. Ni ɗakin gwajina bakin mutane ne, kuma babu shi a nan." Ya gyaɗa kai, sai ya kawo ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: "Yamai ai Hausa za ka yi ta yi." A nan yana da gaskiya rabi. A kasuwar Yamai Zabarmanci da Hausa ke aiki, Basakkwace kuma ba zai rasa ɗan'uwa ba ko'ina ya juya. Amma lacca da Faransanci ake yi, jarida da Faransanci, takardar ofis da Faransanci, malaman jami'a ko a wurin hira shi suke yi. Wanda ya rufe maganar wani malamin Larabci ne da bai ce uffan ba tun da aka fara. Ya ce shi bai ga abin mamaki ba, Shehu da kansa ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas neman karatu, ba don babu malamai a Gobir ba. Daga nan babu wanda ya ƙara tambaya.

A kan kasafi ne na sha kaye. Na rubuta komai da sefa, tunda da ita zan biya haya da abinci da mota. Akawun da ke duba lissafi ya ce jami'a naira take biya, kuma da farashin Babban Banki kaɗai yake aiki. A lokacin dala tana kusan naira 460 a hukumance, wanda ya sa jika ɗaya, wato sefa dubu, ba ta kai naira 800 ba a takarda. A wurin 'yan canji kuwa, inda kowa ya san can zan saya, ta haura naira dubu. Na nuna masa wannan giɓi. Ya ce ya sani, shi ma yana da 'yan'uwa a Ƙonni, amma ba zai rubuta farashin kasuwar bayan fage a takardar gwamnati ba. Ban ga laifinsa ba. Na sa hannu a kan abin da ya lissafa.

Daga nan fayil ya shiga yawo, duniya kuma ba ta tsaya jiransa ba. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. Tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta haura 700 a hukumance. Ni dai ina bin takarda daga ofis zuwa ofis, kuma a nan na koyi cewa wanda ya san inda fayil yake ba shugaban ofis ba ne, masinja ne mai littafin shiga da fita. Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. In na gaishe shi sai ya buɗe littafinsa ya bi da yatsa, ya ce, "Malam, hwayil ɗinka shina wurin odita tun ranar Talata, kuma odita ya tahi ta'aziyya. Ka dawo jibi." Bai taɓa karɓar ko sisina ba, bai kuma taɓa faɗa mini abin da ba haka ba. Waya ba ta motsa fayil, zuwa da kai ya fi aike.

Takardar amincewa ta fito a ƙarshen Yuli. Ranar 26 ga wannan wata sojoji suka tsare Shugaba Bazoum a Yamai. Kafin in gama nuna wa abokai takardata, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ana ta maganar yaƙi. Wanda ke Legas labari yake ji a rediyo. Mu a Sakkwato manyan motoci muke gani jere a hanyar Illela, da mutanen da aurensu da gonarsu da kasuwarsu ke ɗaya gefen. Masu babura suna bi ta daji, kowa ya sani, har wani ya ce zai kai ni Ƙonni kafin la'asar. Amma ma'aikacin gwamnati da zai dawo ya nuna hatimin fasfo a matsayin shaidar tafiya ba ya bin ɓarauniyar hanya.

Na jira ko abin zai lafa, bai lafa ba. Sai na nemi gurbi a cibiyar koyar da harsuna ta Jami'ar Lome da ake kira Village du Bénin, wadda tun 1968 take karɓar ɗalibai daga ƙasashe masu Turanci, 'yan Najeriya da 'yan Ghana musamman. Togo ma sefa ɗaya take kashewa da Nijar, don haka a zatona canza suna kawai za a yi a takarda. Sakataren kwamiti ya ce, "Yamai munka amince, Malam, ba Lome ba." Sabuwar takarda ke nan, ta hannun shugaban sashe, ta hannun shugaban tsangaya, sabuwar gayyata, sabuwar fassara, sai kuma jiran zaman kwamiti na gaba. Na roƙi a sake duba adadin kuɗin tunda tafiyar ta ninka nisa naira kuma ta faɗi. Aka amince da sauya wuri, aka ce kuɗi kuwa abin da aka rubuta shi ne, kason shekarar ya riga ya ƙare.

Kuɗin sun shigo asusuna a farkon 2024, kuma ba duka ba. Ƙa'idar ita ce a ba ka kaso mafi yawa, ragowar sai ka dawo ka kawo rasidai. A watan Fabrairun nan dala ta wuce naira 1,500. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, kowace yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi, don haka duk faɗuwar da naira ta yi sai ta bayyana a tafin hannun ɗan canji. Jikar da aka lissafa mini ƙasa da naira 800, na saye ta sama da naira dubu biyu. Ba a rage mini ko kwabo ba, amma in an mayar da shi sefa, abin da aka ba ni bai kai rabin abin da aka amince ba. Na rage tsawon zaman, na ci bashi daga ƙungiyar adashen malamai, maiɗakina ta ce in dai zan tafi in tafi kafin azumi.

Ta mota na bi: Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, gadar Jaba, Ilori, Badun, Legas. Fasfo da katin allurar shawara su ne kawai takarduna, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar kwana 90 ba biza. Na yada zango a Badagry don in ga ɗalibanmu da ke can, kuma abin da na gani ya sa na ji kunyar ƙorafin kaina. Ni ko ba komai akwai asusun da na buga wa ƙofa. Su kuwa kuɗin rajista a ƙauyen, da na abinci, da na mota zuwa da dawowa, duk a wuyan iyaye suke, ban da kuɗin makaranta da aka riga aka biya a gida. Duk shekara sai mun samu wanda ya ɗage karatu saboda wannan tafiya, yawanci mata. Wani uba ya taɓa zuwa ofishina ya ce shi ba kuɗin ne suka fi damunsa ba, a faɗa masa wa zai riƙe amanar 'yarsa a can. Ba ni da amsar da ta wuce in ba shi lambar malamar da za ta raka su, ita ma kuɗin rakiyar sai da muka yi karo-karo a sashe.

Ƙauyen yana aikinsa. Yaron da ya bar Sakkwato ba ya iya haɗa jimla biyu na tarar da shi yana tsara wasan kwaikwayo da 'yan Nsukka da 'yan Ife. Sai dai da dare, in ka leƙa ɗakin kwana, 'yan Arewa sun haɗa kai wuri ɗaya ana zuba Hausa, Yarabawa ma nasu gefe. Mu ma haka muka yi a zamaninmu. Na ce musu Seme, iyakarmu da Benin, na nan kusa, duk wanda ya samu hali ya tsallaka ya yi cinikin ko da burodi ne.

Daga Seme zuwa Kwatano, daga nan Hillacondji, sai Aneho, sai Lome, inda na mayar da agogona baya da awa ɗaya. Shawarar da na fi jin daɗin yankewa a duk tafiyar ita ce ta masauki. Akwai Zango babba a Agoè, Hausawa fal, an ma ba ni lambar wani Alhaji da zai sauke ni kyauta, ga aljihuna a bushe. Na tuna farfesan kimiyya, na kama ɗaki a gidan wani malamin firamare mai ritaya kusa da jami'a, wanda bai san ko "sannu" ba. Zango sai ranar Juma'a. Da safe aji, tare da malaman sakandare daga Ghana da wasu 'yan Najeriya. Da yamma maigidan ya fito da kujeru ƙofar gida ya ja ni da gardamar siyasa, yana gyara mini magana ba tare da ya nemi izini ba, kamar yadda ya saba yi wa yara shekara da shekaru. A aji an auna mu da ma'aunin nan na Turai mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, wanda jarrabawar ƙwarewa a Faransanci ta DELF da DALF ke bi. Karatuna da rubutuna suna sama, maganata tana hawa guda a ƙasa. Wannan tazara ita ce abin da na kasa bayyana wa kwamiti da lamba, ga shi an rubuta mini ita a takarda.

Abin da na fi ɗauka a wurin malaman can shi ne yadda suke yin shiru. Malama za ta kafa yanayi, wannan mai haya ne wancan maigida, ruwa ya yanke kwana uku, sai ta koma gefe ta bar mu muna fama. Ba ta katse kowa. Tana rubuta kurakurai a 'yar takarda, sai an gama ta ɗauko uku kawai ta yi magana a kai. Mu kuwa mun gaji tsarin da malami ke magana awa biyu ɗalibi na kwafa, sannan mu yi mamakin yaro ya gama digiri bai iya tambayar hanya ba.

Na dawo ana shirin kama azumi. A cikin watan nan na Maris 2024 Najeriya ta buɗe iyakarta da Nijar, Nijar ma ta buɗe tata bayan 'yan kwanaki. Abokan aiki suka yi ta tsokanata, wai da na ƙara haƙuri kaɗan.

Saura ba da lissafi, wanda shi ma tafiya ce mai zaman kanta. Rasidin cibiya ba matsala, da na babbar mota daga Sakkwato zuwa Legas. Amma ɗan zemijan, wato kabu-kabun can, ba ya ba da rasidi, mai sayar da abinci a bakin titi ma haka. Maigidana ya rubuta mini nasa da hannu, da kyakkyawan rubutun malaman da, ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Odita ya juya takardar ya ce a fassara, na sake komawa sashenmu. Sai kuma tambayar da ta tsayar da fayil ɗin: da wane farashi za a mayar da sefa naira, na ranar da aka amince, ko na ranar da aka biya, ko na ranar da na kashe? In an bi na farko, na kashe ƙasa da abin da aka ba ni, sai in mayar da canji. In an bi na ƙarshe, ni ke bin jami'a bashi. Aka tsaya a kan cewa na kashe daidai abin da aka amince, ba ƙari ba ragi, aka haɗa da hoton shafukan fasfo masu hatimin shiga da fita, da rahoton abin da na koyo. Ragowar kuɗin ta fito bayan Babbar Salla, ta wuce kai tsaye wurin 'yan adashe.

Tun daga nan ƙofofin waje sai ƙara tsukewa suke. TETFund ta dakatar da ɗaukar nauyin karatun malamai a ƙasashen waje daga Janairun 2025, saboda tsadar kuɗin waje da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. A ƙarshen wannan wata Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, a Maris kuma sabon kundin mulkinta ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Farfesan kimiyya ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "To Malam, ba na hwaɗa maka ba?" Na ce har yanzu dai da Faransanci ake lacca a Yamai. A ɓangaren ɗalibai, bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana ba su naira 20,000 a wata na kashewa, kuma na san waɗanda ke tsimin wani abu daga ciki tun aji biyu saboda Badagry.

A aji na rage magana. Ina sa ɗalibai su naɗi muryarsu a waya su turo, in saurara da dare in mayar wa kowa da gyara biyu ko uku. Na kuma lura da abin da ke gabana tun tuni ban yi amfani da shi ba: akwai 'yan Nijar da ke karatu a jami'armu, a kimiyya da shari'a da sauransu, waɗanda suka yi firamare da sakandare da Faransanci. Muka fara zaman hira ranar Laraba da yamma, su suna gyara wa namu Faransanci, namu suna taimaka musu da Turanci. Na rubuta neman ɗan kuɗin shayi da burodi da na kabu-kabun da zai mayar da 'yan mata gida. Aka dawo mini da takardar, an rubuta a gefe cewa babu layin da za a sa wannan a kasafi, tunda ba taro ba ne, ba bincike ba, ba kuma kayan aiki ba. Malaman sashe ke sayen sukari da madara bi da bi.

Bana wata ƙaramar malama a sashenmu ce ke nema, kuma ni na zauna da ita muka tsara takardar. Mun sa wurare biyu a jimla ɗaya, Kwatano ko Lome, duk wanda hanya ta bari, don kada a ce mata ba nan aka amince ba. Mun rubuta kasafin da sefa, muka ƙara layi a ƙasa cewa a mayar da shi naira da farashin ranar biya. Akawu ya ce bai taɓa ganin an yi haka ba, amma bai ga dokar da ta hana ba. Na sa ta sayi ɗan littafin rasidi a kasuwa wanda za ta riƙa ba mai ɗaki da mai abinci su sa hannu, mun kuma fassara takardar gayyata tun kafin a tambaya. Mijinta ya sa hannu a takardar yarda, shugaban sashe ya sa nasa. Baba ya ce fayil ɗin shina ofishin shugaban tsangaya, kwamiti kuma sai an gama jarrabawa zai zauna.